Kyankyasai a Laftof Ɗina

Yayana sakataren ikilisiyarsu ne a Kagoro. Da bikin godiya na kaka ya matso, ya ari laftof ɗina don buga tsarin sujada. Sai da damina ta sake zagayowa ya dawo mini da ita gidanmu a Kafanchan, a cikin leda mai maiƙo.

Na kunna, ta ƙi kama waifai ɗin gidan. Wayata tana kamawa, ta maigidana ma haka. Na kashe rauta, akwatin waifai ɗin, na kunna. Na goge sunan netwok na sake sa fasuwod. Na ɗauki laftof ɗin na tsuguna gindin rauta kamar mai jin ɗumi. Daga baya ma sunan ya ɓace ɓat. Maigida ya ce data ce ta ƙare, na nuna masa wayarsa tana ta waƙoƙin kwayar coci ta waifai ɗin.

Duk wannan abin ina jin wani wari, irin na kabad ɗin kicin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ɗauka ledar ce.

Washegari na kai wa wani mai gyara kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya kwance noti, ya ɗaga murfin ƙasa, sai ya yi tsalle da baya. Ƙananan kyankyasai ne suka watse a kan teburin, wasu suka hau jakata. Ciki kuwa kashinsu ne baƙi ƙirin, da ƙwayayensu a jere, da ɓurɓushin ƙuliƙuli.

"Madam, a nan kike ajiye abinci?" ya tambaye ni.

Ya nuna mini wani ɗan kati mai siraran wayoyi biyu, ya ce shi ne ke kama waifai, ƙazantar ta cinye bakinsa. Ni ba na ma jin sa sosai. Tunani nake yi, jiya a kan cinyata na ɗora abin nan, har a kan gado. Na fita waje na yi ta tofar da yawu.

A nan bakin shagon na buga wa Yaya.

"Yaya, a ina ka riƙa ajiye laftof ɗin nan?"

"A sito, kan buhun acca. Wurin ba ɗigo."

"Kyankyasai sun yi gida a ciki!"

Ya yi dariya. "Kai, ƙanwata. To ai ba su cizo. Kin ga tsarin sujadar kuwa? Kowa ya yaba."

Na kashe wayar ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba.

Mai gyara ya share cikin da burushi, ya sauya katin, ta kama netwok ɗin shagonsa nan take. Ya miƙo mini, na ce ya sa a sabuwar leda tukuna. A gida na zazzage jakata a tsakar gida, na wanke zanin gado da ruwan zafi. Maigida ne ya haɗa ta da waifai ɗinmu, ina tsaye daga bakin ƙofa. Tuwon ranar shi kaɗai ya ci.