Safiyar Da Aka Kwantar Da 'Yata A Kan Juji

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har da haƙora, amma akwai safiya guda da bai taɓa ba, kuma ba na jin zai iya: safiyar da aka kwantar da 'yata jaririya a kan juji.

Zamanin Turawa ne, muna zaune a wani ƙauye a gindin duwatsun Roni. Gidanmu na Maguzawa ne tun kaka da kakanni. Ni na fara zama Kirista, bayan na ɗan leƙa makarantar mishan. Karatun nawa bai kai a ba ni aiki ba, ya dai isa in riƙa gyara wa mutane magana a dandali. Matata ta bi ni, mahaifiyata kuwa, Inna, ta ce ta tsufa da sauya hanya.

Kafin wannan yarinya mun binne 'ya'ya uku, ba wanda ya kai yaye. Mata suka fara kiran matata mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ba sa zama. Da ta sake haihuwa, ana gobe suna, Inna ta ce a yi abin da aka saba: a kai jaririyar juji, a faɗa da ƙarfi cewa ba mai son ta, don in mutuwa ta zo ta ga abin banza ne, ta wuce. Daga ranar kuma ba mai yi mata wasa a fili, ba mai yaba ta.

Na gyara murya zan yi wa'azi, Inna ta ce, "Uku ka binne da karatunka. Bari in gwada da jahilcina."

Da hantsi ta naɗe yarinyar a tsumma, ta kai ta bayan gida, ta ajiye tsakanin toka da ƙaiƙayi, kaji suna tono a gefe. Ta ce, "Ga shara nan, ba ma so." Yarinyar ta fara kuka. Matata tana tsaye jikin danga, nono yana zuba a zaninta, an hana ta matsowa. Ni kuma, babban malami, ina tsaye ina kallon ƙafafuna.

Ana haka sai ga tsohon mai bisharar da na gayyata addu'ar suna, a kan jakinsa, daga wajen Kazaure. Ya taɓa yin kuturta, ya warke, amma cutar ta tafi da yatsunsa. Ya sauka, ya rusuna ya gaida Inna, har gajiya da shanu sai da ya tambaya. Sannan ya ce, "Iya, wannan fa?"

"Shara ce, Malam."

"To, ta gamu da ɗan'uwanta. Ni ma a irin wannan wuri aka tsince ni."

Ya durƙusa cikin tokar, ya tallabo jaririyar da dungulmin hannayensa. Ya ce lokacin da cuta ta kama shi, danginsa sun yi masa bukka a bayan gari, suna ajiye masa tuwo daga nesa, kuma a can ya gane babu bayan gari a wurin Allah. "Iya, kina so kada a gan ta. Ai an riga an gan ta. Tun tana ciki Mahaliccinta yake dubanta, kuma ba duban mai ƙwace ba ne."

Inna ba a cin ta da daɗin baki. Ta ce, "Ukun can fa? Su bai gan su ba?"

Tsohon ya ce, "Ya gan su. Dalilin tafiyarsu ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan ma ban ce za ta zauna ba. Abin da na sani, ba su faɗi inda hannun Almasihu bai kai ba." Ya juya wurin matata. "'Yata, yaya sunansu?"

Tun da aka binne su ba wanda ya sake ambaton sunayen nan a gidanmu. Ta faɗe su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana maimaitawa cikin addu'a kamar yaran suna zaune a gabansa. Da ya gama ya miƙa mata jaririyar, ya ce, "Rungume ta kowa ya gani. Ko kwana kaɗan aka ba ta, kada ta yi su tana shara."

Na ɗauka Inna za ta tayar da rigima. Sai ta kwance mayafinta ta lulluɓe jikarta, tana mita wai mun bar toka ta ɓata mata kai.

Yarinyar ta rayu. Yanzu jikoki gare ta, ita ce ma take hana ni goro. Amma ba rayuwarta ce hujjata ba, domin da ta tafi ma, maganar tsohon tana nan daram. A da na ɗauka Allah kamar Baturen rangadi yake, ya leƙo sau ɗaya a shekara, talaka ya ɓoye abin da yake so kafin a gani. Ran nan na koyi cewa kulawarsa ta kai kan juji, ta kai bukkar kuturu, ta kai ƙananan kaburbura. Abin da kake ƙauna, kada ka ɓoye masa. Ya riga ka ƙaunarsa.