Atishawar Ubale da Furen Bakin Fadama

Ubale mai facin taya a Gagarawa ba manomi ba ne, ko kuɓewa bai taɓa rayawa ba. Amma shekara tara ya yi yana wahala a kan wani fure da ko akuya ba ta kula shi.

A bakin fadama yake fitowa bayan ruwan farko: kara ɗaya tsaye, furanni ruwan hoda, kai a ƙasa kamar albasa. Wuri ɗaya tal! Da Ubale ya ji mai filin yana shirin kawo tarakta wata rana, sai hankalinsa ya tashi.

Matarsa Larai ta ce, "Malam, ci ake yi ko sha?"

Ya ce, "Ni kaɗai na san da shi. In ya mutu, ko mai ta'aziyya ba shi da shi."

Ya haƙo kawunan ya dasa a tsohuwar taya, suka ruɓe. Ya dasa a tukunyar Larai, suka ruɓe, aka yi kwana uku ba miya. Wani malamin gona ya ce masa irin ba ya tsira sai a ƙasar da ya saba da ita. To fa! Ubale ya dinga jigilar ƙasar fadama a babur har tsakar gidansa ya fi soro tudu. Shiru kake ji.

Irin kuwa gari ne, kamar toka. Wata shekara ya tara shi a murfin kwalba, yana tafe yana lallaɓawa, sai atishawa ta ƙwace masa a gindin wata tsamiya. Fyat! Wahalar shekara ta bi iska. Ya zauna ya yi kuka sosai, gemai-gemai da shi.

Bana tarakta ta zo, ta kife wurin kaf. Ubale ya je ya duba, ko kara babu. Ya juyo yana jan babur, don ya kasa hawa. A gindin tsamiyar nan ya tsaya cak. Karan furen nan bakwai ne a jere, daidai inda ya yi atishawa shekara huɗu baya.

Da irin ya nuna, Larai ce da kanta ta daka barkono, ta ƙulle masa a leda.

Ta ce, "Ungo, Malam. Ka shaƙa da kyau, ka juya wajen da tarakta ba ta shiga."