Amsar Wasiƙunmu a Cikin Kwalin Dabino

Tsufa ya fara yi min sata a ka, don jiya ma na ɗaga gida ina neman tabarau alhali yana kan hancina. Amma akwai abin da ba zai iya sacewa ba har a sa ni a rami: azumin da muka rubuta wasiƙu a Nakkasa, nan Makka, kafin a rushe mana unguwar.

Ni mutumin wani ƙauye ne a arewacin Damagaram. Na zo aikin hajji da baƙin gemu, jirgi ya koma, ni ban koma ba. Igama, takardar izinin zama, ba ni da ita. Ilimi kuwa, lakwal, wato boko, na leƙa na fito, allo kuma na tsaya inda malam ya gaji da ni. Sana'ata turin arabiya, keken nan da ake ɗora marasa ƙarfi a Harami, ina yi ina kauce wa askarawa. Ni da ya kamata a ɗora a tura, ni nake tura mutane.

A farkon azumin nan ƙanwata ta kira ni daga gida. Mijinta ya rasu, jikoki take riƙo, kuma ba mace ce mai kai kuka ba. Ta ce rumbu ya ƙare, sun koma cin anza, 'ya'yan itacen nan da sai an jiƙa an sake jiƙawa kafin ɗacinsu ya fita. Ƙaramar jikarta ƙafafu sun soma kumbura. Na aika ɗan abin da ke hannuna, na kuma tambaye ta ina taimakon ƙasashen waje da muke ji a rediyo.

"Yana zuwa, Yaya," in ji ta. "Bayan girbi yake zuwa. Sanda muke haƙa gidan tururuwa neman ƙwaya, ko mota ɗaya ba ka gani. Sai mun yanke gero, sai ga buhunan shinkafa daga ƙetaren teku. Geronmu ya faɗi a kasuwa, mu sayar a banza, damina ta yi a sake sayar mana da shi da tsada."

Na kai maganar ga malamin da ke mana tafsiri bayan la'asar a ɗan masallacin unguwa. Ashe ba ni kaɗai ba ne, kusan kowa a sahun nan yana da irin wannan kira a wayarsa. Malam ya ce addu'a wajibi ce, amma wanda ya ba mu bakin addu'a shi ya ba mu hannu. Ya tuna mana ƙissar annabin da ya tara hatsi a shekarun wadata saboda shekarun fari, ya ce ciyarwa ma ibada ce mai lokaci, kamar salla. Shawararsa ita ce kowa ya rubuta wasiƙa da bakinsa zuwa ga masu tsara taimakon. Buƙata ɗaya tak: su bar ɗauko shinkafa daga nesa, su sayi geron manomanmu da kaka, su ajiye, su raba da damina sanda yunwa ke kisa.

Rubutun ba shi ne wahalar ba, sa suna ne. Malam ya dage kowa ya sa sunansa da na ƙauyensu, don takardar da ba suna kwandon shara take zuwa. To ga wanda ba shi da igama, ya rubuta sunansa a takarda kamar ya kira motar tarhil ne da kansa ta zo ta mai da shi gida. Maza suka yi ta kallon darduma. Wata Hajiya mai sayar da tuwo, wadda ke sauraro daga bayan labule, ita ta aiko a miƙo mata takarda, ta dangwala yatsa, ta ce a gaya wa masu gemu idan sun gama rawar jiki akwai sauran tawada. Kunya ce ta sa mu, ba jarumta ba. Tawa da ajami na yi ta. Malam ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya tambaye ni ta wane gefe ake farawa.

Hajiyar ce kuma ta samo mana hanya. Tana kai tuwo otal-otal, a can ta ji wani babban mutum daga ƙasarmu ya zo umra, yana cikin masu zama da wakilan ƙasashen da ke ba da taimako, kuma gwiwa na damunsa, arabiya yake nema. Ta sa aka ba ni aikin tura shi. Na ɗaure wasiƙun a leda, na cusa a ƙarƙashin kujerar.

A ɗawafi ban ce masa komai ba. Sai da muka shiga tsakanin Safa da Marwa, inda na san ba shi da wajen gudu, na rage sauri kamar mai tura gini, na fara. Na gaya masa anza, na gaya masa ƙafafun yarinya, na gaya masa shinkafar da ke isowa bayan an binne waɗanda za su ci. Yana cewa "Allah sarki, Baba," yatsansa na kan waya. Da muka iso koren fitilu inda maza ke sassarfa, na fizgi keken da gudu har wayar ta kusa faɗuwa. Allah ya yafe min, na ji daɗin hakan. Na ce masa, ranka ya daɗe, wannan hanyar da muke bi, wata uwa ce ta fara bin ta tana nemar wa jaririnta ruwa, kuma ba bayan yaro ya mutu aka ba ta ba.

Ya ɗago ya dube ni, har na ɗauka maganar ta shiga. Da aka gama ya karɓi ledar, ya miƙa wa sakatarensa da ke biye da mu, ya danƙa min kuɗi a tafi.

"Ranka ya daɗe, ba bara muke ba. Karantawa muke so a yi."

"In sha Allahu, Baba, za a duba."

Na hau dutsen Nakkasa ranar ina taku kamar ni na buɗe Makka. Har na kira ƙanwata na ce ta ƙara haƙuri, magana ta kai inda ake yanke ta. Wannan kiran shi ya fi ci min rai.

Ana cikin goman ƙarshe, da hantsi, sai ga babbar mota a gindin dutse, maƙare da kwalaye. Sakataren nan ya fito da lasifika, bayansa mai ɗaukar hoto. Ya zaro wasiƙunmu daga ledar, ya fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙauyensu, a bainar titi. Sunayen da muka rubuta a tsorace. Wasu suka haura katanga, wasu suka shige lungu, don sun ɗauka kamu ne. Ashe kyauta ce: kwalin dabino da ƙaramin buhun shinkafa ga duk wanda ya rubuta.

Malam ya sauko a natse, ya tambayi sakataren ko an karanta abin da ke ciki. Mutumin ya yi murmushi, ya ce Alhaji ya ga takardun, ya tausaya ƙwarai da ya ji 'yan ƙasarsa na fama da yunwa a Makka. A Makka! Garin da da azumi sai ka roƙi mutane su daina cusa maka abinci. Ƙasan takarda kawai suka duba, inda suna yake.

Da aka kira nawa na fito. Ban san ina da sauran murya irin wannan ba. Na ce da Hausa, na ƙara da gurguwar Larabcina, cewa mu a ƙoshe muke, masu yunwar suna can inda mota ba ta zuwa sai bayan girbi, kuma ko shinkafar da muka ce a bari ita aka kawo mana. Sakataren ya ce, "Baba, azumi ne ke cin ka, matso a ɗauki hoto." Hajiya mai tuwo ta karɓi wasiƙarta daga hannunsa, ta ninke, ta sa a jaka, ta juya ba ta taɓa kwali ba. Ni kuwa, tunda gaskiya nake faɗa, na juya wa mai hoton ƙeya na ɗauki nawa. Ranar nan da ruwa kawai na buɗe baki saboda fushi. Kashegari na ci dabinon, don shi bai yi min laifi ba.

Yarinyar nan, jikar ƙanwata, ta rasu da tsakiyar damina, gero na fitar da kai. Ƙanwata ba ta tuna min alkawarin da na yi mata ba, da ma ta tuna min, da ya fi sauƙi.

Ba mu daina rubutu ba. Yanzu da aka watsa mu, wasu unguwar Kudai wasu Rusaifa, duk azumi muna haɗuwa wurin Malam, ɗalibansa su mayar da maganarmu Faransanci da Larabci, a aika kai tsaye ofisoshin masu ba da taimakon. Ko an gyara wani abu, ba zan yi muku ƙarya ba, ban gani ba tukuna.

Abin da na koya shi ne, babban mutum ya fi son ya ba ka a kan ya saurare ka, don kyauta ta fi sauraro arha, ga ta da hoto. Saboda haka idan ka kai masa kukan mutanenka, kada ka miƙa takarda ka juya. Ka tsaya a kansa, hannunka a aljihu, sai ya karanta ta da ƙarfi a gabanka tun daga layin farko.