Fim guda a kan Baffa

Shekarun baya, tun wayar hannu ba ta iso wajenmu ba, ni mai hoto ne. Ba ni da shago, ba ni da ubangida. Kyamara ce a wuyana, jaka a kafaɗa, sai wani zane mai hoton gidan bene da furanni da nake ratayawa a bango mutane su tsaya a gabansa. A Gashuwa nake kwana, amma a kasuwanni nake yini.

Makona a rabe yake tun kafin ya shigo. Ranar kasuwar Jajimaji ina Jajimaji, ranar ta Yusufari ina can cikin yashi, ranar ta Nguru ina Nguru, abin da ya rage na biki da suna ne. Wanda na ɗauka yau, sai kasuwa mai zuwa ko ta bayanta zai ga fuskarsa, domin a lokacin sai an kai fim Kano ake wanke shi. Akwai wani direba a tashar Nguru da nake ba wa, ya kai, ya dawo mini da hotunan. Kuma sana'ar tana da dokarta: ba a cire fim daga kyamara sai ya cika. Ko kai waye, in ka faɗo a farkon fim, sai ka jira waɗanda za su zo bayanka.

Ina ji da wannan tsari nawa ba kaɗan ba. Tafiya ma nake yi irin ta mai muhimmin aiki, har in na shigo gida mahaifina yakan ce, “Ku ba da hanya, gwamna ya dawo daga rangadi.” Amma ba girman kai ne kaɗai ba. Mai zaman kansa in ya fashe kasuwa ɗaya, kafin mako ya zagayo an ce mai hoto ya gudu da fuskokin mutane, wani kuma ya rataya zanensa a bangon da ka saba.

A wata damina ce ciwon idon mahaifina ya tsananta. Mun kai shi asibiti, likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, ciwo ne mai cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu kuwa saura ɗan ƙaramin fili, kamar mai leƙe ta hudar ƙofa, shi ma sai da hantsi yake yi masa amfani.

Mahaifina masunci ne a zamaninsa, kuma bai taɓa yarda na ɗauke shi hoto ba. Cewa yake yi ya san kamanninsa, ba sai an tuna masa ba. Saboda haka na yi mamaki ranar da ya kira ni ina shirin fita.

“Kai mai hoto, wannan abin naka yana zuwa ƙauye?”

Na ce, “Ko'ina yana zuwa, Baba.”

“To, in ka sami sarari, ka je ka ɗauko mini wancan tsohon banzan. In ga yadda ya lalace.”

Ban buƙaci a faɗa mini wa yake nufi ba. Ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, wanda muke kira Baffa. Tare suka tashi, tare suka ja taru tun suna samari, kuma tunda nake ban taɓa jin ɗayansu ya faɗi magana mai daɗi a kan ɗaya ba. Baffa yana wani ƙauye gaba da Jakusko, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya fita. Mahaifina kuma ga ciwon ƙugu, ba zai iya zaman bayan a-kori-kura ba, balle da damina da ruwa ke cinye hanya. Sun yi shekaru ba su haɗu ba, sai dai saƙon tsiya da suke aika wa juna ta bakin 'yan kasuwa.

Na lissafa makon a kaina, na ga babu ko kafar allura. Ga kasuwanni, ga bikin 'yar wani attajiri a Nguru da na daɗe ina bin ƙafa kafin a ba ni. Na ce, “In sha Allahu da ruwa ya ja baya zan je.” Ya ce, “Madalla,” ya juya fuskarsa.

A zaure mahaifiyata ta tare ni. Ta rage murya ta ce, “Jiya na miƙa masa kofi, hannunsa ya wuce ta gefe. Idon nan ba zai kai kaka ba. Kuma ka san shi, ba zai sake tambayarka ba.”

Ranar ban san yadda na ɗauki mutane a kasuwa ba.

Ina da wani abokina a Nguru, shi ma mai hoto ne, kuma a gaskiya kishiyar sana'a ne, don ya sha yi mini sha'awar kasuwar Jajimaji. Shi na nufa, ina tafe ina jin kamar zan miƙa wa kura ajiyar nama. Na zayyana masa komai. Ya ce, “Kawo hotunan mutanen Yusufari da na Jajimaji in raba musu. Bikin ma zan riƙe. Kai dai je ka.”

Na ce, “Kar fa in dawo in tarar ka gaje ni da raina.”

Ya yi dariya har da buga cinya. “Kai da wannan tsohon zanen naka? Wa zai gaji benen da ya koɗe? Ranar da tawa ta taso, kai ma ka riƙe mini.”

Kafin in tafi mahaifina ya ja hannuna ya ce, “Kada ka yi masa maganar idona. Ka ce marmari ne kawai.”

Na saka sabon fim, na naɗe kyamarar cikin leda, na hau a-kori-kura zuwa Jakusko. Daga nan sai ƙafa, sai wani wuri da aka tsallaka da mu a kwalekwale, sai kuma ƙafa. Gwamna guda, ga shi da wando a naɗe har gwiwa, takalmi a hannu, taɓo har ƙauri. Da na isa, matar Baffa ta daɗe tana kallona kafin ta gane ɗan wa ne.

Baffa yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa. Ya rame ƙwarai, bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu yana kan cinyarsa ba ya motsi. Amma da ya ji wanda ya aiko ni, sai idonsa ya kawo haske.

“Wannan ragon yana nan da rai? Mutumin da kifi ke gani ya yi dariya?”

Na ce yana nan, kuma hotonsa yake so.

Ya dube ni da kyau. “Shi da ya ce hoto aikin marasa abin yi ne? Me ya same shi?”

“Marmari ne kawai, Baffa.”

Ya ci gaba da kallona. Ni kuwa na duƙufa ina goge gilashin kyamarar da ba abin da ya same shi. Can ya ce, “To. In za ka wanke, ka ce a yi shi babba. Babba sosai, ka ji ko?”

Na ce na ji.

Daga nan gida ya rikice. Aka ciro babbar rigarsa daga adaka, aka kawo ruwa ya wanke fuska. Matarsa ta miƙo sabuwar hula, ya ture, ya ce wata tsohuwa yake so, wadda zarenta ya fara tashi. Ta ce, “Malam, wannan ai ta mutu.” Ya ce ita dai. Muka jingina shi da bango, muka tallafe shi da matasai ta baya yadda ba za su fito ba. Sai ya ce da ni, “Ɗauki hannun nan ka cusa shi cikin riga. Kuma ka tsaya ta wannan gefen. In ya ga yadda na koma, har kabari zai bi ni da dariya.”

Na ɗauke shi sau uku, na tsaya. A nan ne dokar sana'a ta tsaya mini a gaba: fim sabo ne fil, in na bi yadda na saba, sai na yi kasuwa biyu ko uku kafin ya cika. Na tuna kofin da hannun mahaifina ya wuce. Sai kawai na ci gaba da dannawa. Na ɗauki Baffa yana dariya, na ɗauke shi yana faɗa, na ɗauke shi yana tari. Na ɗauki matarsa, da tsohon tarunsa da ke rataye, da rumfar. Jakin gidan ma sai da ya samu uku, kuma ku yarda da ni, ya fi wasu kwastomomina iya tsayuwa. Kafin la'asar fim ya ƙare.

Ban biya gida ba, Nguru na wuce kai tsaye na damƙa wa direba. Na ce, “Wannan ba irin sauran ba ne. In ma motarka za ta faɗa ruwa, ka ɗaga shi sama.” Ya ce in faɗi alheri. Kwanakin da suka biyo baya ban yi aikin kirki ba. Tsoro biyu ne suka sa ni gaba: kada fim ya ƙone a wajen wanki, kada kuma ya dawo lafiya ya tarar babu mai ganinsa. Kullum da safe sai na tsaya a gaban mahaifina da wani dalili, don in ga ko ya gane ni kafin in yi magana.

Ranar da hotunan suka iso, na kai su gida da yamma, amma mahaifiyata ta ce a bari sai hantsi. Washegari muka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, rana tana bayansa. Na miƙa masa babban.

Ya kawo shi dab da idon hagu. Ba ya iya ganinsa gaba ɗaya, sai ya riƙa jan katin a hankali, yana bin sa gutsure-gutsure. Ya fara daga sama. Can sai ya daka tsawa har kaji suka watse.

“Ɓarawo! Hulata ce! Wallahi hulata ce! Tun a bakin kogi ya ɗauke ta, ya rantse mini ruwa ne ya tafi da ita!”

Mahaifiyata ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya ci gaba da jan hoton, goshi, idanu, gemu. Ya ce, “Kai, ya tsufa. Dubi wuya kamar na zakara.” Ya gangara ƙasa, ya tsaya, ya koma, ya sake gangarowa.

“Ina hannunsa na hagu?”

Na ce, “Yana cikin riga, Baba.”

Ya ƙara matso da hoton kusa da idonsa. Sannan ya ce, “Ɓoye mini ya yi.” Ya shafa wurin da babban yatsa. “To, kada ka gaya masa na gane.”

Ni dai na tashi na shiga ɗaki, na ce zan duba wani abu a jaka.

Abokina bai gaje ni ba. Na koma Jajimaji na tarar da bangona yana jirana, har ya gaya wa mutane wai an kira ni babban aiki ne. Daga wannan shekarar muka riƙa musayar rana, in uzuri ya taso wa ɗaya, ɗayan ya riƙe masa kasuwa. Da ya yi jinyar matarsa ni na riƙe masa Nguru.

Har yau aikin kaina nake yi, ko da yake fim ya zama tarihi. Matasa masu irin sana'armu sukan tambaye ni yadda ake tsara lokaci, kuma nakan gaya musu abin da na sani: ka cika alkawari, kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfinka. Amma nakan ƙara da cewa su nemi mutum ɗaya da za su iya bar wa ranarsu. Mu masu zaman kanmu mun iya tsoron kwastoma, don shi in ka saɓa masa zai yi magana. Na gida ba ya magana, sai ya ce madalla ya juya fuska. In na tuna saura kaɗan in jira ruwa ya ja baya, har yanzu gabana yakan faɗi.

Kafin a gama girbin gero a shekarar, ɗan filin da ya rage a idon mahaifina ya rufe. Hoton yana ƙarƙashin matashinsa har ƙarshen rayuwarsa. Da hantsi yakan ciro shi, ya riƙe a gaban fuskarsa, yana yi masa tsiya a kan hula. Sau da yawa a juye yake riƙe da shi, kan Baffa yana ƙasa. Babu wanda ya taɓa gyara masa a gidanmu.