Gemu da Takunkumi: Rayuwar Na-Tsaye, Mai Kwance Rufin Asbestos

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi marigayin da kowa ya sani da laƙabin Na-Tsaye a shekarar 1952, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin layin gidajen haya da ke bayan kasuwar katako. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa tela, kuma shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifiyar ce ta laƙaba masa sunan, saboda tun da ya fara tafiya ba ta ƙara ganin ya ci abinci a zaune ba. Wannan tarihi ne na mutumin da ya shigar da ƙura gidansa ba da saninsa ba, ya kuma ƙarar da sauran rayuwarsa yana fafutukar hana ta shiga huhun ɗansa.

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1959. Malamansa sun yi ittifaki a kan abu biyu: cewa yaron yana da basira, da cewa benci ba ya riƙe shi, kamar an shimfiɗa masa ƙaya a kai. Ya kammala a shekarar 1966 da kyar da siɗin goshi, aka kai shi makarantar koyon sana'a, ya yi shekara guda ya ce ya koyi abin da zai koya.

Fara Aikinsa

A shekarar 1968 ya kama aiki wajen wani ɗan kwangila mai rufin gidaje da makarantu. A wancan zamani faifan rufi na asbestos ne abin yayi, domin ba ya cin wuta, ba ya tsatsa, ba ya ɗaukar zafi. Da zarto suke yanka shi a bushe, farar ƙura tana tashi, su sauko daga sama fari fat kamar waɗanda suka faɗa buhun fulawa. A kan faifan rufin suke shimfiɗa abincinsu. Wanda ya ɗaura hankici a hanci kuwa, sai an yini ana tambayarsa ko amarya ce.

A cikin waɗannan shekaru ne ya tara gemun da aka san shi da shi. Wasu sun ɗauka ado ne, wasu sun ɗauka dattaku ne. Gaskiyar magana ita ce aski yana buƙatar mutum ya zauna, shi kuwa ba shi da wannan lokacin.

Aurensa da Iyalinsa

A shekarar 1976 ya auri 'yar wata maƙwabciyarsu, mace mai fara'a wadda tsaftarta ta wuce misali, har unguwa ta sa mata suna Uwar Tsafta. Kullum ya dawo, a bakin ƙofa take tare shi, ta karɓi rigar aikin, ta kakkaɓe ta da ƙarfi a cikin ɗan lungun da ke tsakanin ɗaki da kicin kafin ta jiƙa.

"Maigida, wai rufi kuke yi ko niƙa?" in ji ta, tana kore ƙurar daga fuskarta.

"In kin gaji ki bari, wanki ba ya gudu."

"Kai ne dai mai gudun. Miƙo wandon ma."

Sun haifi 'ya'ya biyar tsakanin 1978 da 1990. Na biyunsu, wanda aka haifa a 1980, ya ɗebo tafiyar ubansa da muryarsa da yadda yake sosa ƙeya in ya rasa amsa, don haka aka kira shi Kwafi, sunan kuma ya bi shi har girma.

Kafa Kamfaninsa da Rasuwar Matarsa

A shekarar 1994, bayan da hukuma ta hana amfani da asbestos a sababbin gine-gine, aka shiga neman masu kwance tsohon. Na-Tsaye ya tara ma'aikata shida ya kafa nasa kamfanin, ya riƙa sauke rufin da shi ya ɗora da hannunsa yana saurayi. Yadda ya ɗora haka yake saukewa, da guduma, a bushe, cikin sauri.

A shekarar 2002 Uwar Tsafta ta fara haki in ta hau matakala. Likitan da ya duba hoton ƙirjinta ya tambaya a wace masana'anta ta yi aiki. Aka ce masa ba ta taɓa aiki a waje ba. Sai ya juyo ga mijin, ya tambayi sana'arsa, sannan ya tambayi wa ke wanke masa kayan aiki. Na-Tsaye ya juya. Ya fita daga ofishin, ya bi barandar asibitin har ƙarshenta, ya dawo, ya sake komawa. Ta rasu a farkon shekarar 2003, kuma bai taɓa yafe wa kansa ba.

Zaɓen Kayan Aiki

Bayan rasuwarta ya dakatar da kowace kwangila, ya shiga kwas na koyon kwance asbestos bisa ƙa'ida. A bayan aji ya yi karatun, yana kai da kawo. Darasin ƙarshe, wanda aka ware domin yadda takunkumi ke zama a fuska, bai tsaya ya ji ba. Ya ce sa abu a hanci ba ya buƙatar malami, ya wuce kasuwa.

Masu shagunan kayan aiki ba su manta da wannan shekarar ba. Takunkumin takarda ya haramta shi a kamfaninsa, ya ce na masu sharar titi ne. Ya zaɓi na roba mai matata biyu, irin matatar da aka yi domin ƙurar da ido ba ya gani, kuma tun kafin lokacinta ya cika yake canza ta. Rigar aiki sai wadda ake sawa sau ɗaya a jefar, mai haɗe da hula, marar aljihu, kuma wadda ta ɗan fi mutum girma don kada ta yage in ya tsuguna. Takalmi sai na roba marar igiya, domin igiya tana ɓoye ƙura. Tsintsiya ya kore ta daga wurin aiki, ya sayo injin zuƙe ƙura na musamman, domin ya gano cewa irin na gida yana haɗiye ta ta gaba ya feso ta ta baya. Ya ajiye guduma da zarto. Sai an jiƙa rufi da famfon feshi, a kwance noti ɗaya bayan ɗaya, a sauke faifan ɗungurungum, a naɗe shi cikin leda mai kauri ninki biyu a liƙe da salatif. A wurin aiki kowa zai yi wanka, kuma ko zare ɗaya ba ya bin mutum gida.

"Baba, wannan na ƙasan ma ai yana yi," wani mai shago ya taɓa ce masa.

"Kai ka taɓa binne wanda abin ya kashe?"

"A'a."

"To ɗauko mini na saman."

A shekarar 2004 Kwafi ya shigo kamfanin, da gemunsa irin na ubansa. Sauran ma'aikatan ma, cikin kwaikwayon maigida, kowa ya tara nasa, har aka daina kiran kamfanin da sunansa na rajista, sai dai a ce a kira 'Yan Gemu. Na-Tsaye yana alfahari da wannan suna, yana alfahari da kayansa, kuma duk safiya da hannunsa yake ja wa ɗansa madaurin takunkumi.

Gwajin Ɗaci

A shekarar 2019 masu wani babban gini suka gindaya sharaɗin cewa sai an gwada takunkumin kowane ma'aikaci a fuskarsa kafin a fara. Wata jami'ar lafiyar ma'aikata ta zo da jakar leda mai faɗi wadda ake kifa wa mutum a kai, da kwalbar ruwa mai ɗaci da ake fesawa a ciki. Idan takunkumi ya kama fuska, mutum ba zai ji komai ba. Na-Tsaye ya ce a fara da shi, domin yara su ga yadda kayan kirki suke. Tana fesawa ɗacin ya cika masa baki.

"Takunkuminka ba shi da aibi, Baba," in ji jami'ar. "Ban cika ganin irinsa wajen 'yan kwangila ba. Amma roba ba ta kama gashi. Iskar ta cikin gemun nan take bi ta shiga abinta."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka fara sa shi."

Da aka zo kan Kwafi, fuskarsa ta yamutse a cikin ledar, amma ya ce shi bai ji komai ba. Jami'ar ta ce fuskarsa ta riga bakinsa magana, ta hana shi shiga wannan aikin.

Daga wurin Na-Tsaye ya wuce shagon mai aski, ya zauna a kujera, ya ce a kwashe duka. Ma'aikatansa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, suna tsokanar juna da cewa sun koma 'yan makaranta. Kwafi kaɗai ya ƙi.

Saɓaninsa da Ɗansa

"Ka aske gemun nan," uban ya ce masa a cikin sito, tsakanin kwalayen matata.

"Baba, ka bar ni da fuskata."

"Ba fuskarka nake nema ba, huhunka nake nema."

"In na aske, na yarda ke nan duk shekarun nan guba nake shaƙa. Ina da yara ƙanana, Baba. Da wane ido zan dube su?"

"Da idon da nake dubanka."

Kwafi ya sosa ƙeya ya fita. Tsoro ne ya riƙe shi, ba taurin kai ba, kuma uban ya san haka, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya koma zagayen shaguna har ya samo wata hula mai fanka da ke rufe kai gaba ɗaya, wadda gemu ba ya hana ta aiki. Amma a cikin matsatsin silin takan maƙale, batirinta ya mutu a tsakiyar aiki, sai Kwafi ya rataye ta a ƙusa ya koma wa takunkuminsa. Uban ya turo masa yayarsa, ya turo kawunsa, ya roƙi matarsa. Ya riƙa faɗowa wuraren aiki ba sanarwa da reza a aljihu, har ma'aikata suka koyi gane ƙarar takunsa.

A shekarar 2020 tari ya kama shi. Hoton ƙirjinsa ya nuna abin da na matarsa ya nuna. Dole ya miƙa wa Kwafi ragamar kamfanin, amma bai miƙa masa kwanciyar hankali ba.

Jinyarsa da Rasuwarsa

A tsakiyar shekarar 2021 aka kwantar da shi a asibiti, in dai za a kira abin da ya yi kwanciya. Ya ji labarin cewa Kwafi ya karɓi aikin ɗakin tukunyar tururin wata tsohuwar masana'anta, inda asbestos ɗin da aka naɗe bututu da shi ya ruɓe yana zuba kamar toka, wanda shi ne mafi haɗari a duk sana'ar. Tun daga nan ma'aikatan jinya suka shiga uku. Sai ya fizge robar iskar da ke hancinsa, ya sauko da ƙafa yana neman takalmi, a mayar da shi, ya sake saukowa.

Babbar 'yarsa ta tare Kwafi a baranda.

"Likita ya ce jikin ya gama," in ji ta. "Amma mutumin nan ya ƙi sakin kansa, kuma kai ka riƙe shi. Ka sake shi mana."

"Yaya, ni ma tsoro nake ji."

"Na sani. Shi ma yana ji."

Da safiyar da za a fara aikin, Kwafi ya shigo ɗakin da haɓarsa a fili, fatar wurin ta fi sauran fuskar haske, ga ɗan yanka a gefe. Magani ya riga ya dusashe ganin uban. Ya dubi wanda ke tsaye a kansa bai gane shi ba.

"Bawan Allah, ka san ɗana? Mai gemun nan?"

"Na san shi, Baba."

"In ka gan shi, ka ce masa ya aske kafin ya shiga ɗakin tukunyar nan."

"Ya aske."

"Ka gani da idonka, ko faɗa maka aka yi?"

Kwafi ya kamo hannun ubansa ya ɗora a haɓarsa. Yatsun suka bi fatar a hankali, daga kunne zuwa kunne, suka tsaya a kan yankan, suka daɗe a wurin.

"Kullum da safe za ka riƙa yi," in ji Na-Tsaye. "Tohon gashi ma yana buɗe wa ƙurar hanya."

"To, Baba."

Bai sake neman takalminsa ba. Allah ya yi masa rasuwa da yammacin wannan rana, yana da shekara sittin da tara. Aka yi masa jana'iza washegari, aka binne shi a maƙabartar da matarsa take, tsofaffin ma'aikatansa suna ɗauke da makara. Allah ya gafarta masa, ya ba shi hutun da bai samu a nan ba.

Ya rasu ya bar 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya. Akwai babbar 'yarsa, malamar makaranta. Da ta uku, ma'aikaciyar jinya. Da na huɗu, direban babbar mota. Da autarsa, wadda ta gaji keken ɗinkin kakarta. Sai Kwafi, wanda masu ta'aziyya da yawa suka wuce shi a bakin ƙofa suna tambayar ina mai gemun. Shi ke riƙe da kamfanin a yau. Yana aski kowace safiya kafin ya fita, kuma duk shekara ana ɗaukar hoton ƙirjinsa. Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi ba a ga komai ba. Likita ya ce a ci gaba da dubawa.