Hular da Na Kifa wa Fitila

Ƙarfe tara saura kwata na dare, ruwa ya cika fadama, mu biyu ne cikin jirgina mai inji: ni da Malam Bulus, wani ma'aikaci mazaunin Gesse da na ɗauko daga gonarsa ta Zauro. Wallahi abin nan ya faru, shekara shida ke nan.

Ku sani, a lokacin ni ne mai karanta wa matuƙa dokoki a mashiginmu. Ta ɗaya, fitila a goshin jirgi. Ta biyu, mai inji shi ke kauce wa mai filafili. Ta uku, in ka ji an buga filafili a jikin kwalekwale, ka sassauta. Na taɓa hana mutum tuƙi mako guda a kan fitila.

To a daren nan ƙwari suka yi wa hasken caa, suna shiga mini ido da baki, sai na cire hula na kifa wa fitilar. Malam Bulus ya ce, "Haba Malam, har kai?" Na ce masa gulbin nan na san shi fiye da ɗakina.

Ba mu yi nisa ba na ji bugu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ban sassauta ba, don kada Malam Bulus ya ce maganarsa ta kama ni. Sai ga wani tsoho a kwalekwale dab da mu, 'yar fitilarsa ta gwangwani mai kananzir tana ci, ya dube ni ba faɗa ya ce, "Ɗana, ina hitilakka?" Ruwan da muka tayar ya kifar da shi. Na ji faɗuwarsa da kunnena, Malam Bulus yana ta "Tsaya, don Allah tsaya!" Ban tsaya ba. Tsoro ne, ba ni da wani uzuri.

Da asuba na koma. Babu kwalekwalen, babu gawa. Kwana huɗu ina bin masunta har Argungu, kowa ya ce ba su rasa mutum ba. Amma hulata fa? Fitilata ta batir ce, ba ta ko ɗumi, ga hula ta ƙone a tsakiya tana warin kananzir.

Har yau in na zo wannan lanƙwasar nakan ji bugun nan sau uku, a ƙarƙashin jirgina. Karanta dokoki kuwa na bar wa wani, bakina ba ya iyawa.

Roƙona biyu. Kada ku rufe fitila saboda ƙwaro. Sannan in akwai gidan da tsohonsu ya fita kamun kifi bai dawo ba, don Allah ku aiko mashigi a kira ni, ina da abin da zan faɗa musu.