Makokin Mai Shan Rake

Kashegarin Babbar Sallah ne, ko suyar nama ban gama ba, ɗana ya zo da motar haya ya ce a fito, za a kai yara Tiga su ga inda ake ɗaukar fim. Na ce ƙafata ba ta son nisa. Jikata, wadda aka sa wa sunana, ta riƙe mini zane. Ita kaɗai ta rage a gidan da ke zama in na ɗauko tatsuniya, sauran duk waya ta kwashe mini su. Tun da ta ji wai akan saka 'yan kallo a fim, ba ta da wani buri sai a gan ta a ciki. Na shiga mota.

Daga Ƙafin Maiyaki zuwa can, babu ramin da bai gaisa da ƙuguna ba.

Muka tarar an kafa wani gida a bakin ruwa, gabansa katanga da zaure, bayansa fili fetal. Ina neman inuwa sai ga mai ba 'yan fim ɗin umarni ya zo ya rusuna.

"Iya, ki taimaka ki zauna mana a tabarmar can. Zaman makoki za mu ɗauka, tsofaffinmu ba su zo ba."

"Wa ya rasu?"

Ya nuna mini wani ƙato a gindin mangwaro yana shan rake. "Wancan."

"To, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni ba na zaman makoki inda ba a yi mutuwa ba. A wurinmu kiran abin ne."

Jikata ta matso ta tambaye shi ko ita za ta fito. Ya ce in na zauna, sai ta zauna a bayana. In ban zauna ba, ba su da aikin yarinya.

"Takwara, don Allah," in ji ta. "Sau ɗaya fa."

"Ke dai ba ki da kunya."

Na yi addu'ar neman tsari a zuciyata, na zauna.

Aka ce mu nuna baƙin ciki. Ni kuwa ba sai na je aro ba. Na tuno marigayi maigidana, hawaye ya zo. Sai aka ce a sake, wai ƙarar jirgin masunta ta shiga. Na tuno ɗana na fari da ya rasu. A sake, akuya ta gitta. Na tuno mahaifiyata, na tuno ƙanwata da ta tafi wajen haihuwa. Duk sanda suka ce a sake, sai na tono wani. Kafin la'asar mamatana sun ƙare, idona ya bushe, ƙafata ta yi tsami. Mamacin nasu kuwa ya tara ɓawon rake a gabansa.

Da aka gama muka kama hanyar gida.

Sai bayan an yi girbi, wata rana jikar tawa ta shigo da gudu riƙe da wayar ubanta, wai fim ɗin ya fito. Ga ta nan, rabin fuska a bayan kafaɗata, kamar ƙiftawar ido. Ta yi ta maimaita wurin tana dariya. Na ce ta yi kyau, kuma gaskiya ta yi. Tawa fuskar ban tsaya kallonta ba.

Da magariba na shimfiɗa tabarmar tatsuniya kamar kullum. Ba ta zo ba, tana can gida-gida tana nunawa. Na ɗan jira, na naɗe tabarmata.